Ajin Turanci na ma'aikatan otal da masu raka baƙi a Garwa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Jama'a tambayar ta yi yawa, duk wanda muka haɗu sai ya tare ni wai ajin nan da kake zuwa da yamma akwai amfani ko dai cin kuɗin mutane ne kawai, to bari in faɗi abin da na gani kowa ya huta. Ba zan kama sunan wajen ba don akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe, kuma bana son gobe a ce na ɓata wa bawan Allah sana'a. Wani ɗan gida ne mai ɗaki biyu, allo da benci, malami ɗaya da wata mataimakiyarsa, sai fanka guda da take juyawa in akwai wuta. Ni aikina resepsiyon ne a wani ƙaramin otal, in rani ya yi kuma aka samu baƙi masu son leƙa dajin Binuwai ko su je tafkin Lagdo ni ake haɗawa da direba in raka su, saboda haka ta wannan fuskar na kalli abin, wanda yake neman Turancin cin jarabawa ko na fita waje karatu tun yanzu ya sani wannan ba ajinsa ba ne.

A takarda dai Kamaru harshe biyu gare ta, Faransanci da Ingilishi, har doka aka yi a 2019 kan a riƙa amfani da su daidai wa daida, amma kowa ya san a nan arewa Fillanci ne a kasuwa, Faransanci a ofis, Hausa a unguwa da wajen ciniki, Ingilishi kuma sai a kan allon ma'aikatu da jikin takardar kuɗi. Mun yi shi a lekol shekara da shekaru, mun haddace jerin fi'ilai an ba mu maki, amma mutum ya tsaya gabanka ya ce yana son ɗaki sai bakinka ya mutu. Asirinmu ya tonu ne a Janairun 2022 lokacin gasar Kofin Afirka, da aka kawo rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau filin Roumdé Adjia. 'Yan Yola da Mubi da Kano ba su ba mu wahala ba, Hausa muka sha da su har aka zama 'yan uwa, ranar da Najeriya ta ci Masar 1-0 ma tare muka yi ihu, amma 'yan jaridar Legas da mutanen Kudu da sauran baƙi da ba Faransanci ba Hausa, nan fa aka koma nuni da hannu da kalkuleta. Gasar ta wuce amma abin bai bar ran masu otal ba, shi ya sa da aka ji an buɗe irin wannan ajin wasu iyayen gida da kansu suke tura yaransu.

Ni dubu 10 na sefa nake biya a wata, ban da kuɗin fotokofi da ake karɓa daban kuma ba a faɗa maka tun farko, wannan kam ya kamata su gyara, a faɗa wa mutum gaba ɗaya ya san da me zai zo. Ana shiga bayan la'asar sakaliya, a tsaya a yi magariba a dawo a ƙarasa, kuma gaskiya malamin duk da ba musulmi ba ne shi yake fara cewa lokaci ya yi ku tashi, da azumi ma ya maida ajin safe ba tare da an roƙe shi ba. Mutumin wajen Bamenda ne, yankin masu Turanci na Kamaru, ya daɗe a arewa, yana jin Fillanci sarai har da 'yar Hausa amma in ya shiga aji sai ya zama kamar bai taɓa ji ba.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba shi ne wasan kwaikwayon da yake sa mu yi. Zai ja tebur gaban allo ya ɗora makulli da rijista da wata tsohuwar waya, ya zaunar da mutum ɗaya a matsayin mai resepsiyon, shi kuma ya fita waje ya shigo da jaka a kafaɗa yana gumi yana huci, wai ya yi bukin, wato ya kama ɗaki, tun makon jiya kuma an ce babu sunansa, ko ya ce na'urar sanyaya ɗaki ta mutu cikin dare, ko babu ruwan zafi, ko an sa masa kuɗin abincin da bai ci ba. Ba ya rage murya kuma ba ya rage gudu, yana buga tebur da gaske har biro ya faɗi, kai kuma dole ka nemo abin faɗa, in ka kuskura ka sako Faransanci ko Fillanci ko Hausa tarar sefa 25 ce a cikin wani gwangwanin madara, ƙarshen wata a sayi folere, wato zoɓo, mai sanyi kowa ya sha. Farkon zuwa mutum zai ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ana dariya ana tafi, amma bayan 'yan makonni sai ka ga wanda da baya iya haɗa kalma biyu yana ba baƙo haƙuri yana ce masa bari in duba, zan canza maka ɗaki, ba za mu caje ka na daren jiya ba. Wannan ita ce tsokar ajin, da a ce kullum ita ake yi da ko dubu 15 ne zan biya.

A cikin wasan ne ma yake cusa nahawun da ke da amfani ba tare da ka ji nauyi ba. Mu da yawa mun taso da "what do you want" da "give me your passport", a kunnenmu ba laifi don fassarar abin da ke kanmu ce, shi kuma ya nuna mana a kunnen Bature wannan kamar ɗan sanda ne ya tare shi a hanya, sai ya maida mu kan "would you like" da "may I have" da "could you", ya sa mu maimaita har suka zauna. Ni a nan na ga ashe ladabin da muke da shi a Hausa, sannu da zuwa, ya hanya, ya gajiya, a kawo ruwa, duk yana da gurbi a can, bakinmu ne kawai bai san ƙofar ba.

Sai lissafi. Wanda bai yi aikin kuɗi da baƙo ba ba zai gane girman wannan ba. 13 da 30, 15 da 50, 16 da 60, a Turanci ƙarshen kalmar ne kawai ya bambanta kuma mu sefa muke ci, komai dubbai ne, ka ce wa mutum ɗaki dubu 15 shi ya ji dubu 50 ya ɗauki jakarsa ya fita, ko ka ce hayar mota zuwa daji dubu 60 ya ji 16 sai an dawo rigima ta tashi. Malamin ya ɓata lokaci sosai a kan wannan, yana kiran lamba kana rubutawa, kai ma ka kira wani ya rubuta, kuma ya kafa mana doka ɗaya, duk kuɗin da ka faɗa da baki ka rubuta shi a takarda baƙo ya gani da idonsa. Haka agogo, mu mun saba da na Faransanci mai awa 24, ƙarfe 17 ƙarfe 20, su kuma da yawansu 12 ne da a.m. da p.m., ga kwanan wata da Amurkawa suke fara sa wata kafin rana, mutum ya rubuto 3/4 kai ka ajiye masa ɗaki 3 ga Afrilu shi kuma 4 ga Maris yake nufi. Hawan bene ma haka, abin da ɗan Ingila yake kira hawa na farko ɗan Amurka na biyu yake ce masa. Ƙananan abubuwa ne amma su ne suke haɗa faɗa a gaban tebur.

Wani abin da ya burge ni ya san ciwon kowa. Mu Hausawa p da f ne suke rikita mu, "pay" da "park" da "passport" sai su fito da f, sai ya kawo 'yar takarda ya sa ka riƙe gaban leɓe, in ka faɗi p daidai takardar za ta yi tsalle, ka ga ƙatti da gemu suna hura takarda kamar yara. Waɗanda Faransanci ya zauna musu kuma h suke haɗiyewa, su ce shekarunsu da "have", su ƙara s a bayan "luggage" da "information", su kira takardar kuɗin abinci da sunanta na Faransanci suna zaton ɗaya ne. 'Yan uwanmu masu Fillanci su kuma "he" da "she" ne ke ba su wuya saboda a harshensu kalma ɗaya ce ga namiji da mace, sai ka ji an kira matar baƙo da "he", mu a nan mun huta tunda muna da shi da ita. Kuma Bahaushe ya shigo da jari bai sani ba, tikiti, fasinja, direba, tebur, tawul, canji, duk daga can muka aro su, gyaran baki kawai suke so.

To yanzu inda zan kushe. Ranar Alhamis ranar nahawu ce zalla, kuma wallahi ita ce ranar da benci ke zama wayam. Mataimakiyar ce take ɗauka, yarinya ce mai ƙoƙari ba laifinta ba ne, tsarin aka ba ta, za ta cika allo da jadawalin lokutan fi'ili tun daga sama har ƙasa mu kwafa, ga zafin Garwa na Maris da Afrilu da yake haura digiri 40, ga kwano a sama, ga wuta an ɗauke, kana kwafar irin jimlar da ake cewa da a ce na kasance na riga na tafi da kaza ya faru. Ni dai tun da nake tsayawa a resepsiyon ban ga ranar da zan buƙaci wannan ba. Irin karatun da ya kashe mu a lekol ne aka sake dawo mana da shi, kamar a koya maka tuƙin moto a kan allo. Abin da muke buƙata kaɗan ne, yanzu da jiya da gobe, bambancin "since" da "for" don baƙo kullum sai ya tambayi tun yaushe, "some" da "any" da "much" da "many", yadda ake juya jimla ta zama tambaya, sai "must" da "should" da "not allowed" na gargaɗi. A tsaya a kan waɗannan a niƙa su da baki ya fi a zagaye littafi duka.

Littafin ma shi ne babbar matsala. Fotokofin wani littafin Turai ne, wasu shafukan ma sun yi baƙi ba a ganin hoton, kuma duk abin da ke ciki duniyar wasu ce, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wasan zamiya a kan ƙanƙara, gidan tarihi, bakin teku, yadda za ka nuna wa mutum hanyar tashar jirgin ƙasa alhali jirginmu a Ngaundere ya tsaya bai ƙaraso nan ba. Na duba daga farko har ƙarshe babu dorina babu kada babu ɓauna, babu gwanki babu kanki babu mariya, babu goggon biri da yake tare hanya in za ka shiga Binuwai, to ni in na kai baƙo bakin kogi da sassafe ya nuna abu ya ce mene ne wancan me zan ce masa? Mu da kanmu muka zauna muka haɗa namu jerin a bayan littafi, wani ɗan ajinmu da ya taɓa aikin tuƙi da mutanen makarantar kula da namun daji ta nan Garwa, wadda take nan tun 1970 kuma ɗalibai ke zuwa mata daga ƙasashen Afirka da yawa, shi ya taimaka da sunayen dabbobi da tsuntsaye, malamin ya gyara mana furuci. Da ya ga abin ya karɓu sai ya ba mu aikin gida kowa ya bayyana abinci ɗaya da Turanci, ranar an sha dariya, wani ya ɗauki tuwo da miyar kuka ya maƙale a kan yauƙi, wata ta ɗauki kilishi ta yi bayani tsaf tun daga yanka nama siriri da shanya shi a rana har shafa labu da gashi, ni na ɗauki gasasshen giwan ruwa na bakin gada. Irin wannan ya kamata ya zama littafin, ba wai mu ne za mu tuna musu ba. Har yanzu babu darasi a kan fada, yadda za ka ce wa baƙo ya cire takalmi kafin ya shiga gaban Lamiɗo, kar ya ɗauki mata hoto sai ya tambaya, kar ya miƙa abu da hagu, matarsa ta rufe kafaɗa, ka faɗa masa cikin ladabi ba tare da ya ji ka ci masa fuska ba, alhali duk wanda ya zo arewa fada yake fara tambaya, ta nan ko ta Ngaundere ko ta Ray Buba.

Akwai kuma maganar da ba a so a faɗa a ajin amma ni zan faɗa, su waye baƙin namu yanzu? Littafin yana shirya ka ne don Bature mai hula da kyamara, irin waɗanda manyanmu suke ba da labari da suke cika Marwa da Waza da Rumsiki, su ga raƙuman dawa da giwaye su je wajen boka mai duba da ƙaguwa su sayi kayan fata su koma. Wannan kasuwar ta karye tun Fabrairun 2013 da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya su bakwai bayan sun fito daga gandun dajin Waza, an sako su a Afrilu amma ƙafa ta ɗauke, kuma ƙasashen Turai da Amurka suna ta gargaɗin mutanensu kan jihar Arewa Mai Nisa. Waza da aka maida gandun ƙasa tun 1968 tana nan, duwatsun Mandara suna nan, UNESCO ma ta sa kufan Diy-Gid-Biy cikin kayan tarihin duniya a 2025, Allah ya dawo da zaman lafiya su dawo. Amma yau wanda yake tsayawa gabana yana Turanci ma'aikacin ƙungiyar agaji ne da zai wuce wajen Mokolo da sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, ko ɗan kasuwar Najeriya, ko injiniya ɗan Indiya ko ɗan Sin da shi ma Turancin nasa aro ne, ko mafarautan Amurka da suke sauka da rani su wuce dazukan farauta da ke kewaye da Binuwai da Faro da Buba Njida. Kowannensu da irin bakinsa. A aji kuwa kaset ɗin da ake kunna mana duk na 'yan Ingila ne masu magana a hankali kamar labaran rediyo, sai kuma bakin malam da kunnenmu ya saba da shi. Ranar da ɗan Amurka ya yi maka magana ta hanci yana haɗiye rabin kalma ko ɗan Indiya ya sako ta a guje sai ka rantse wani yare ne daban. Na yi wa malam maganar nace malam don Allah a riƙa kawo mana muryoyi kala-kala ko daga YouTube ne, ya ce zai duba, muna jira.

Ɗan uwana da ke tuƙi a Njamena ya ce su can masu raka baƙi zuwa gandun dajin Zakuma da duwatsun Ennedi wanda ya iya Turanci shi ake fara nema, tunda ƙungiyar kula da gandun daji ta African Parks ta karɓi Zakuma a 2010 wurin ya farfaɗo kuma ba Faransawa kaɗai ke zuwa ba, to wanda yake da ƙafa a Cadi ya sa wannan a lissafinsa.

Waya da rubutu ma an yi musu riƙon sakainar kashi. Yanzu rabin bukin ta WhatsApp yake zuwa, mutum ya turo saƙo ko ya ajiye murya yana tambayar kuɗin ɗaki da ko za a ɗauko shi daga filin jirgi da ko akwai janareta, kuma magana ta waya ta fi ta ido da ido wuya nesa ba kusa ba don babu hannu babu fuska, ga layi yana yankewa. Sau ɗaya aka taɓa wannan aka wuce. Ni da Google Translate nake lallaɓawa tunda yana da Hausa da Faransanci duka, yana fitar da mutum kunya a rubutu, amma ba za ka ce wa wanda ya kira ka ya dakata ka buɗe manhaja ba. Masu cewa ai Duolingo ya isa ba sai an biya kowa ba, ina da shi a wayata ina yi ta ɓangaren Faransanci, yana ƙara kalmomi kam kuma yana sa ka saba kullum, sai dai waya ba ta buga maka tebur, ka haɗa su biyun shi ne daidai.

Ajin a cakuɗe yake, mai digiri daga jami'ar Ngaundere da direban da ya tsaya a firamare benci ɗaya, wannan yana jan wancan baya wancan yana jin kunyar wannan, ga ɗaki na biyu a rufe ba a komai da shi, da sun raba mu gida biyu da kowa ya samu. Mata kuwa ba su da matsala, akwai masu aikin ɗakuna da kicin da wata mai sayar da tikitin mota, gefensu daban kuma maganar gaskiya sun fi mu saurin kamawa don ba sa tsoron a yi musu dariya. Takardar shaidar da ake bayarwa a ƙarshe kar wani ya ɗora mata rai, ta gidan ce kawai da hatiminsu, mai otal in zai ɗauke ka ba ita zai duba ba, zai juya harshe ne a tsakiyar hira ya ga ko za ka bi shi.

Wanda yake resepsiyon ko yake hidimar tebur ko direban haya mai ɗaukar baƙi, in yana iya karanta boko ko da kaɗan ne, ya je ya yi wata biyu ko uku zai ji canji a bakinsa, kuma tun ranar farko ya sayi littafin rubutu nasa daban na kalmomin aikinsa ya riƙa tatsar malam da tambaya don shi in ka tambaya baya rowa. Wanda bai iya karatun boko ba sam kar ya kai kuɗinsa yanzu, za a bar shi a baya tun makon farko don babu mai tsayawa koya masa baƙi. In ka tashi yin rijista ka tambayi kuɗin fotokofi a haɗa maka lissafi gaba ɗaya, ka karɓi rasit, kuma ka riƙa zuwa da wuri don bencin da ke kusa da taga shi ake fara cikewa.